Karayar Ƙasan Ƙoƙon Kai: Raunin da Ido Ba Ya Gani a Ranar Farko

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a Zongo, ko kana shigowa Wagadugu fatauci daga Yamai, Maraɗi, Sakkwato ko Kano, ba sai an ba ka labarin yawan babura a wannan gari ba. Magidanci yana kan moto, uwargida tana kan moto da goyo a bayanta, ɗalibai biyu ko uku sun cunkushe a kan guda ɗaya. Duk wanda ya daɗe a garin ya taɓa tsayawa a kan wanda ya faɗi. Abin da jama'a suke fara dubawa shi ne jini, sai hannu da ƙafa. In an ga mutum ya miƙe ya kakkaɓe riga, sai a yi masa barka da arziki, a ɗora shi bayan wani babur a kai shi gida.

Akwai karayar da ba ta bayyana a wannan lokaci. Tana can ƙasan ƙoƙon kai, inda hannu ba ya kaiwa, kuma alamominta sukan jira kwana ɗaya ko biyu kafin su fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa duk shekara a hatsarin hanya, kuma ga mahayan babur rauni a ka ne ya fi kisa. Ba babur kaɗai ke jawo wannan karaya ba. Yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko ɗorawa, magini da ya zamo daga saman gini, mai haƙar zinariya da ya rufta rami, wanda katanga ta faɗo wa da damina, wanda aka maka wa sanda a ƙeya, duk suna iya samunta.

Yadda wurin yake

Ka ɗauki ƙoƙon kai a matsayin ɗaki. Rufinsa shi ne abin da kake shafawa in ka ɗora hannu a ka, ƙashi ne mai kauri, mai santsi kamar bayan ƙwarya. Daɓen ɗakin kuwa, wanda ƙwaƙwalwa take zaune a kansa, ba shi da wannan santsi. Hawa uku ne kamar matakala. Hawan gaba shi ne rufin gurbin idanu da na hanci, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan ƙashi siriri mai ƙananan huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin ƙamshi suke hawa. Hawan tsakiya yana daidai da kunnuwa, a cikin ƙashinsa ne aka ɓoye na'urar ji da ta daidaita tsayuwa, da jijiyar da take motsa fuska, da babbar jijiyar jini mai kai wa ƙwaƙwalwa abinci. Hawan baya yana wajen ƙeya, a nan ne babbar ƙofa take, wadda laka take bi ta sauka cikin ƙashin baya.

Jijiyoyi goma sha biyu ne suke fita daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓari, kuma dukkansu ta ƙofofin wannan daɓe suke wucewa. Saboda haka tsagewar da ba ta fi kaurin gashi ba tana iya taɓa gani, ko ji, ko haɗiya. Sannan ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani mai ƙarfi, tana iyo cikin wani ruwa garai-garai. Yawansa a jikin babba kamar mililita 150 ne, kuma jiki yana sarrafa kusan rabin lita a kowace rana yana sabunta shi. A ƙasan kai wannan tantani yana manne da ƙashi sosai, shi ya sa in ƙashin ya tsage yakan yage tare da shi. Daga nan ƙofa ta buɗe tsakanin ƙwaƙwalwa da hanci ko kunne: ruwan ya sami hanyar fita, ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga.

Alamomin da za ka sa wa ido

Ta farko ita ce taruwar jini a kewayen idanu biyu, su yi baƙi su kumbura, alhali ba a bugi idon ba. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiran wannan da tabarau, domin haka yake kama. Jini ne ya tsattsafo daga karayar hawan gaba ya taru a ƙarƙashin fata. Ta biyu ita ce irin wannan taruwar jini a bayan kunne, a kan ƙashin nan mai tudu. Wani likitan fiɗa na Ingila, William Henry Battle, shi ne ya bayyana ta a 1890, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ka riƙe abu biyu game da su. Ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki awanni, ta bayan kunne ma har kwana ɗaya zuwa uku. Kuma a baƙar fata ba a ganinsu da sauƙi, sai an kai mutum wurin haske, an kawar da gashi ko ɗankwali, an kwatanta wannan ɓari da wancan.

Ta uku ita ce jini daga cikin kunne. Wani lokaci ba ya fitowa waje, yana taruwa ne a bayan dodon kunne, mutum ya ji kunnen ya toshe, sai likita ya leƙa da fitila ya gan shi.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi cancantar ka tsaya a kanta. Ruwa ne tsararo, fari tas kamar na famfo, yana ɗiga daga hanci ko kunne. Da hunturu kowa yana mura, don haka sai a ce majina ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Majina tana da yauƙi, wannan ba shi da shi. Yawanci ta ƙofar hanci ɗaya yake zuba, yana ƙaruwa in mutum ya sunkuya ko ya yi tari, ko ya tashi daga barci da safe. Wasu ba sa ganin ɗigarsa, sai dai su riƙa jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro. Sau da yawa yana tare da ciwon kai mai tsananta in an zauna ko an tsaya, ya lafa in an kwanta. Kana iya jin ana cewa a ɗiga ruwan a farin ƙyalle, in jini ya tsaya a tsakiya, wani da'ira mai haske ya zagaye shi, to ruwan ƙwaƙwalwa ne. Wannan gwaji yana ƙara zato, amma hawaye ko yawu da suka gauraya da jini su ma suna yin haka, kuma rashin ganin da'irar ba ya wanke mutum. Kada ka yanke hukunci da shi a gida.

Sauran alamomin daga jijiyoyi suke. Baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Kunne ya daina ji, ko ya riƙa ƙara, ko jiri ya hana tsayuwa. Mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko ido ya koma harara-garke alhali da ba haka yake ba. Ya daina jin ƙamshi da wari, abinci ya zama lami a bakinsa. A kan karkacewar baki akwai tambayar da likita zai yi maka, ka tanadi amsarta: tun lokacin faɗuwar ne bakin ya karkace, ko bayan kwanaki? In bayan kwanaki ne, galibi kumburi ne ya matse jijiyar, kuma yawanci tana farfaɗowa. In tun farko ne kuma gaba ɗaya, mai yiwuwa ƙashi ya soke ta ko ya yanke ta, a nan ana iya bukatar aiki. Wanda ya fara ganin majinyaci a bakin titi ne kaɗai yake da wannan amsa.

Akwai kuma wata da takan zo bayan kwanaki ko makonni. Ido ɗaya ya yi ja, ya ɓullo waje, mutum ya riƙa jin wani shuu-shuu a cikin kansa daidai da bugun zuciya. Babbar jijiyar jini ce ta yage ta buɗe cikin wata matattarar jini da ke bayan ido. Maganin ɗigawa na ciwon ido ba ya yi mata komai, kuma jinkiri yana iya cinye idon.

Karaya biyu da ba a cika gani ba

Mafi yawan karayar ƙasan kai a ƙashin kunne take, sai ta hawan gaba. Amma akwai biyu da suke da wuyar samu, suke kuma da sauƙin kuɓuce wa mai bincike.

A gefe biyu na babbar ƙofar nan ta laka akwai wasu ƙasusuwa biyu masu tudu, kowanne bai wuce girman ɗan dabino ba. A kansu ne dukan kai yake zaune bisa ƙashin wuya na farko, kuma da su kake gyaɗa kai in ka yarda da magana. Likita Charles Bell, mutumin Sikotlan, shi ne ya fara bayyana karayarsu a 1817, daga binciken gawa. Shekaru masu yawa bayan haka ana ɗaukarta abin da likita zai iya gama aikinsa bai gani ba, sai da na'urar sikana ta yaɗu aka gane cewa da ma tana nan, hoton da ake ɗauka ne ba ya nuna ta. A 1988 likitoci biyu, Anderson da Montesano, suka kasa ta gida uku. A na farko nauyi ne ya danno kai daga sama, ƙashin ya murƙushe a inda yake. A na biyu tsagewa ce ta taso daga ƙeya ta ratsa shi. A na uku kai ne ya murɗe da ƙarfi, igiyar da take ɗaure shi da wuya ta fizge ɓallin ƙashi. Na farko da na biyu yawanci suna zaune daram. Na uku shi ne abin tsoro, domin ɗaurin kai da wuya ya yi sako-sako, kuma ɓallin yana kusa da inda ake sarrafa numfashi.

Mai wannan karaya yana iya zuwa da ƙafarsa, hankalinsa garau, kukansa kawai ciwo a saman wuya, da kasa juya kai, ko kan ya karkata gefe ɗaya. Wannan shi ne mutumin da ake kai wa maɗori a ja masa wuya, ko a sa yaro ya taka masa baya. Maɗori yana da sanin hannu da ƙafa, ba mai musun haka, amma mahaɗar kai da wuya ba wurin ja da murɗa ba ce. Wani lokaci alamar takan makara: bayan kwanaki harshe ya karkata gefe in an zaro shi, murya ta dushe, ruwa ya riƙa sarƙe mutum in ya sha. Jijiyoyin harshe da maƙogwaro ta gefen wannan ƙashi suke wucewa.

Ta biyun tana wani ƙashi mai gangara a tsakiyar daɓen, a gaban ƙofar laka, wanda tushen ƙwaƙwalwa yake jingine da shi. Yana can ciki ƙwarai, sai bugu mai tsananin ƙarfi ke karya shi, don haka masu ita yawanci a sume ake kawo su. Tsagewar takan bi tsawonsa, ko faɗinsa, ko ta ratsa a karkace. Wadda ta bi tsawo ita ce mafi muni, domin tana iya cafke jijiyar jinin da take ciyar da tushen ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka rayu sukan tashi da ido da ba ya juyawa waje, wasu kuma da yawan fitsari da ƙishirwa marar yankewa, saboda taɓuwar wata ƙaramar halitta da ke zaune a saman wannan ƙashi, mai sarrafa ruwan jiki.

Abin da ya rataya a wuyanka a wurin hatsari

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin ɓarnar da ake yi wa mai rauni a ka, masu son taimakonsa ne suke yi. Ka ɗauka duk wanda ya bugu a ka wuyansa ma ya taɓu, har sai an tabbatar ba haka ba. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, kada ya saki. Kada a ciccibe shi hannu da ƙafa kai yana reto. In yana sanye da hular kwano kuma yana numfashi, a bar ta. In amai ya taso, mutum uku ko huɗu su juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a tare.

Kada a ɗura masa ruwa, ko madara, ko rubutu, ko wani jiƙo. Wanda hankalinsa bai dawo daidai ba, abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. In jini ko ruwa yana fita ta kunne, kada a cusa auduga, kada a ɗiga mai ko wani magani, a ɗora tsaftataccen ƙyalle daga waje kawai. In ta hanci ne, kada a toshe, kada a ce ya fyace. Fyacewa tana tura iska da ƙazantar hanci zuwa cikin kai ta wannan tsagewa.

A Burkina Faso ka kira 'yan kwana-kwana, wato pompiye, a lamba 18. A Nijar ma lambar ke nan. A Nijeriya ana kiran 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Lungunan Zongo da yawa ba su da suna ko lamba, don haka ka faɗi wata sananniyar alama, masallaci ko makaranta ko famfo, ka kuma tura yaro ya tsaya a bakin kwalta ya jawo motar. Haka yake ga 'yan'uwa da suka watsu a gefen gari tun da aka tashi tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangwetin a 2003 domin aikin ZACA: kowa ya san tun yau wace hanya mota za ta bi ta iso ƙofar gidansa. In dole ta sa a ɗauke shi da kanku, a shimfiɗa shi a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a tokare kai da naɗaɗɗun zannuwa ta gefe biyu, a sa shi a mota. Ba a zaunar da shi a bayan babur.

Wanda ya suma ya farfaɗo, kada farfaɗowar ta ruɗe ka. Akwai jijiyar jini da ke bi ta cikin ƙashin gefen kai, in ta tsinke mutum yana iya tashi ya yi hira na awa ɗaya ko biyu, jini kuwa yana taruwa a ciki, sannan barci ya ɗauke shi ya ƙi tashi. Irin wannan in an kai shi da wuri aiki yana cetonsa sarai.

A asibiti

Ƙaramin asibitin unguwa, CSPS, ko CMA na Pissy, suna iya tsayar da jini, su sa abin tallafe wuya, su rubuta takardar turawa. Amma binciken wannan karaya aikin manyan asibitoci ne, irin Yalgado Ouédraogo, inda sashen aikin ƙwaƙwalwa yake, da Tengandogo da Bogodogo, da Souro Sanou a Bobo Julaso. Ga wanda abin ya same shi a ƙetaren iyaka, akwai manyan asibitocin Yamai, da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya.

Za ka ji ma'aikata suna faɗin wata lamba, su ce yana kan 14, ko ya sauko 9. Ma'aunin Gilasgo ke nan, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsin jiki, a haɗa maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Saukar lambar ta fi lambar kanta muhimmanci, shi ya sa ake ta tada majinyaci cikin dare ana tambayarsa sunansa. Kada ka ji haushin haka. Ka kuma lura, mutum yana iya samun 15 cif alhali yana da karaya a ƙasan kai.

A nan ne ake asarar kuɗi da lokaci. Hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake kira radiyo a wannan yanki, ba ya nuna yawancin karayar ƙasan kai, domin ƙasusuwan wurin suna hawa kan juna a hoto. Iyali sukan zaɓe shi don ya fi araha, a ce musu ba a ga komai ba, su koma gida da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Abin da ake bukata shi ne sikana, na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira, aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971. Tana yanka hoton kai sala-sala, kuma don a ga waɗannan karaya sai an yi salar siriri ƙwarai, an kuma sauko da hoton har ƙasusuwan wuya na sama. In tsagewar ta bi ta hanyar babbar jijiyar jini, likita zai nemi a sake hoton bayan an yi allurar wani ruwa mai haska jijiyoyi. Ba son kashe maka kuɗi ba ne: jijiyar da ta yage daga ciki tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki, kuma ana iya tare hakan in an gani da wuri. Kafin a ɗauki majinyaci daga wannan asibiti zuwa wancan, a tambayi ma'aikata inda na'urar take aiki a wannan rana. In yaro ne ɗan ƙasa da shekara 5, ko mace mai ciki, ka tuna Burkina Faso ta fara tsarin kula da su kyauta a asibitocin gwamnati tun 2016, ka tambayi abin da tsarin ya ɗauke maka.

Ka gaya wa likita lokacin da abin ya faru daidai gwargwado. Wani babban bincike mai suna CRASH-3, da aka fitar a 2019, ya nuna cewa allurar tiranekzamik, mai rage zubar jini, tana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici in an yi ta cikin awa 3 na farko. Ka kuma ambaci ɗigar ruwa ko jini daga hanci ko da ta tsaya, domin irin wannan majinyaci ba a zura masa robar abinci ta hanci, ta baki ake bi.

Magani, da batun sanƙarau

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin waɗannan karaya ba a yi musu aiki, kuma ba a ɗora su. Ƙashin yana haɗewa da kansa. Abin da ake jinya shi ne abin da karayar ta taɓa. In ruwan ƙwaƙwalwa yana ɗiga, ana kwantar da mutum a ɗaga kan gado kamar digiri 30, a hana shi fyace hanci da sunkuyo da ɗaukar kaya, a ba shi abin da zai sauƙaƙa bayan gida don kada ya yi yunƙuri. In atishawa ta zo, ya yi ta baki buɗe. Mafi yawan ɗigar takan tsaya cikin kwana 7 zuwa 10. In ta ƙi, ana iya sa siririyar roba a gadon baya a rage ruwan na 'yan kwanaki don yagewar ta sami damar rufewa, in kuma hakan bai yi ba sai a like wurin, ko dai ta hanci da na'ura mai kyamara, ko ta buɗe kai.

Wannan ya shafi ibada kai tsaye. Shaƙa ruwa a alwala da sujada suna cikin abin da likita zai hana na ɗan lokaci. Ka nemi malaminka ya yi maka bayanin sauƙin da aka yi wa majinyaci na yin salla a zaune ko a kwance da nuni. Haka nan a dakata da shaƙen taba, da turare a hanci, da ƙahon wanzami a ƙeya.

Karayar ƙashin da kai yake zaune a kai, in ba ta gusa ba, abin tallafe wuya mai tauri ne maganinta, mako 6 zuwa 12, dare da rana. Zafin watan Afrilu a Wagadugu yana sa mutane su cire shi da zarar ciwo ya lafa, alhali lafawar ciwo ba haɗewar ƙashi ba ce. In ta gusa, ko ɗaurin ya saki, ana kafe kai da wani ƙarfe mai zagaye, ko a yi aiki a haɗe ƙeya da wuya.

Babban abin da ake gudu a duk wannan shi ne sanƙarau. Mutanen wannan yanki sun san shi, kuma Burkina Faso ce ƙasa ta farko da ta yi wa jama'arta allurar MenAfriVac a Disamban 2010. Sai dai waccan allura ta wani nau'i ce, mai yaɗuwa lokacin zafi. Wanda yake biyo bayan karaya yawanci wata ƙwaya ce daban, numokok, wadda take zaune a hancin mutane da yawa ba ta yi musu komai, sai ta sami ƙofa. Don haka katin rigakafin 2010 ba ya kare mai wannan rauni. Tambayi likita ko ya dace a yi masa rigakafin numokok. Kada kuma ka sayi kafso a bakin titi da niyyar tarewa. Binciken da aka tattara bai nuna cewa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ciwo yana hana wannan sanƙarau ba, abin da yake yi shi ne ɓoye alamomi da ƙarfafa ƙwayoyin. Zazzaɓi, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, kowanne ya isa a koma asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya a kan cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ko da gwaji ya nuna akwai shi. Yagewar da ba ta rufe da kyau ba tana iya kawo sanƙarau bayan watanni ko shekaru, saboda haka wanda sanƙarau ya kama sau biyu, a tuna wa likita in ya taɓa buguwa a ka.

Bayan sallama

Don ciwon kai, farasitamol ya wadatar. Asfirin da ibufurofen da diklofenak suna ƙara zubar jini, tiramol kuwa yana kawo barci da jijjiga, ya rikita alamomin da ake sa wa ido. A kwanakin farko wani ya kwana kusa da majinyaci. Amai a kai a kai, barcin da ba a iya tayarwa, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, duk na komawa ne nan take.

Toshewar kunne da jini ya jawo takan washe cikin makonni. In ba ta washe ba a je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, domin ƙananan ƙasusuwan ji da suka goce ana iya gyara su. Idon da ba ya rufuwa a riƙa ɗiga masa ruwan da likita ya rubuta, a rufe shi da dare, kada ƙura ta ci shi. Jin ƙamshi kuwa sau da yawa ba ya dawowa, kuma wannan yana da haɗari a gidan da ake girki da tukunyar gas: wanda ba ya jin wari ba zai san tana yoyo ba, ba zai kuma gane miyar da ta lalace ba. Mutanen gida su san da haka.

Kai baƙo da ka zo fatauci, zuciyarka za ta ja ka gida. Kada ka hau doguwar mota ko jirgi sai likita ya yarda, musamman in hoto ya nuna iska ta shiga cikin kai. In za ka tafi, ka karɓi hoton sikana kansa da takardar bayaninsa da ta sallama, ka ɗauke su a waya, ka adana na takarda a leda. Likitan Kano ko Sakkwato mai yiwuwa ba ya jin Faransanci, amma hoton yana karanta shi kamar yadda na Wagadugu ya karanta.

Ba a komawa kan babur sai jiri ya tafi, gani ya daidaita, likita ya ba da izini. In an koma, da hular kwano, wato kask, mai rufe har ƙeya da gefen kunnuwa, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Hular magina ta roba ba a yi ta don titi ba. Wadda ta riga ta sha bugu a hatsari, ko da bayanta bai fashe ba, abin da ke cikinta mai shanye ƙarfin bugun ya riga ya murƙushe, sai a sayi wata.